Tafkin Jabi Ba Na Masu Kuɗi Kaɗai Ba Ne

 Yau maganata a kan Tafkin Jabi ce, kuma tun da wuri ina neman afuwar iyayenmu dattawa, domin abin da zan faɗa ba lallai ya yi musu daɗi ba.

Duk ranar da wani ya tayar da zancen tafkin nan a majalisa, ya ce ruwansa yana ja da baya da rani, bakinsa ya cika da shara, amsa ɗaya ake ba shi: "Mu da muka zo nema, ina ruwanmu da wurin shaƙatawar masu kuɗi?" To wannan amsar nake so mu tattauna, domin wallahi ni ban yarda da ita ba.

Da farko dai, ba domin masu kuɗi aka yi tafkin ba. Madatsar ruwa ce da aka gina a farkon shekarun 1980 domin sabon birnin ya samu ruwan sha, tun ana tsakar aikin ginin Abuja, tun kafin gwamnati ta taso daga Ikko a watan Disamba na 1991. Da aka kammala babban dam na Usuma da ke wajen Ushafa a yankin Bwari, sai aikin shayar da gari ya koma can, aka bar Jabi ya zama wurin hutawa. Kenan da kuɗin al'umma aka tare ruwan nan. Katafaren kantin Jabi Lake Mall da ke bakinsa sai a 2015 aka buɗe shi, ruwan ya girme shi da shekara fiye da talatin.

Sannan mai cewa wurin na masu kuɗi ne, ina roƙonsa ya je ranar Asabar da yamma ko washegarin Sallah ya buɗe ido. Wa ke riƙe da linzamin dawakin da yara ke hawa? Wa ke tura kwalekwale, wa ke jefa koma da sassafe? Mai tsire, mai rake, mai dabino da aya, mai shayi, ɗan acaɓa da mai Keke NAPEP da suka kawo mutane, daga ina suka fito? Da yawansu yaranmu ne. Mai kuɗi in tafkin ya ƙafe jirgi zai hau ya tafi Dubai ya ga ruwa. Mai doki kuwa ina za shi? Ko mu da ba ma sana'a a wurin, ina muke kai ƙannenmu da Sallah? Ɗaki ɗaya muke kwana mu biyar mu shida, unguwarmu ba filin wasa, ba inuwa, sai ƙura da hayaƙin manyan motocin da ke shiga masana'antun Idu. Mu ne muka fi kowa buƙatar wurin shan iska.

Abin da jama'a ba su lura da shi ba shi ne, tafki irin wannan ba rana ɗaya yake mutuwa ba. Ruwan sama ne ke cika shi ta rafukan da ke gangarowa daga unguwannin da ke sama da shi. Duk inda aka share fili domin gini, ruwan damina yana kwaso jar ƙasa da yashi, ya haɗa da ledar fiya wata da robobin lemo da ƙazantar kwatoci, ya zube su a ciki. Laka tana taruwa a ƙasa shekara bayan shekara. A watan Agusta ka ga tafki ya cika ya batse ka ce lafiya lau, alhali zurfinsa ya ragu, kamar randa ce da aka zuba wa yashi har rabi. Sai watan Maris, rana ta buɗe, gaskiya ta fito: baki ya zama taɓo, ciyawa ta rufe, kwalekwale yana kafewa. Kuma duk taku ɗaya da ruwa ya ja baya, akwai mai ido a kan wurin, yana jira ya zuba ƙasa ya ja katanga. A Abuja filin da ke kallon ruwa zinari ne, kowa ya sani.

Mu Hausawa bai kamata a ba mu labarin wannan ba. Tambayi duk wani dattijo Bakano yawan kududdufan da ya sani a cikin birni yana yaro, ka tambaye shi nawa suka rage. An cike su da shara, an yanka filaye, yanzu in aka yi ruwa mai ƙarfi sai ya rasa wurin zuwa ya shiga ɗakunan mutane. Jakara da tarihin Kano ya ginu a kanta ta koma magudanar ƙazanta. Marigayi Audu Bako, da ya mulki Kano daga 1967 zuwa 1975, ya yi dam a Bagauda har da otal a bakin ruwa domin mutane su je su huta. Dam ɗin ya ɓalle a watan Agusta na 1988, otal ɗin kuma yau makarantar horar da lauyoyi ce. Idan gemun ɗan uwanka ya kama wuta, me ake cewa ka yi wa naka?

Na san inda tsoron iyayenmu ya samo asali, ba kuma na raina shi. Rusau ɗin da aka yi a Idu da Karmo zamanin da Malam Nasiru El-Rufa'i yake ministan Abuja, tsakanin 2003 da 2007, ya koya wa mutane cewa baƙo ba ya ɗaga murya. Mahaifina har gobe in zai yi maganar Abuja sai ya ce "garin mutane". Amma Baba, shekara nawa ke nan? A nan aka haife ni, a nan na yi sakandare, a nan nake tsaron shago, a nan muke biyan kuɗin haya da na tikitin kasuwa. Dokar 1976 da Janar Murtala ya kafa birnin da ita ta yi shi ne domin kowane ɗan Nijeriya. Cin ranin da ya kai shekara talatin ai ya tashi daga cin rani.

Abin da za mu nema ba mai yawa ba ne. A kafa ma'aunin ruwa a inda kowa zai gani, a riƙa rubuta zurfin tafkin damina da rani ana faɗa wa jama'a, domin abin da ba a auna ba, ba a sanin ranar da aka sace shi. A yashe laka. A shata iyakar bakin ruwa a fili, a hana zuba ƙasa a cikinta ko wane ne. Kuma duk gyaran da za a yi da 'yan kasuwa, a bar wa talaka ƙofar da zai shiga ba tare da an tatse shi ba, a bar wa masunta da masu dawaki wurinsu. Ba na adawa da gyara, ina adawa da gyaran da zai kore mu.

Mu ma da namu aikin. Kwatar da muke juye wa shara da daddare ba sama take hawa ba, rafi take bi. Ba zai yiwu mu je gaban hukumar kare muhalli ta Abuja muna kuka ba alhali buhun shararmu yana cikin kwalbati.

Abuja ba ta da gwamna, minista ake naɗa mata, amma shugaban ƙaramar hukumar AMAC da kansila da sanata da ɗan majalisar wakilai duk da ƙuri'armu suke hawa. Muna da sarakunan Hausawa a unguwanni, muna da ƙungiyoyin 'yan kasuwa da na direbobi. Ga kuma 'yan uwanmu Gbagyi da muka tarar a wurin, waɗanda sun fi mu sanin yadda rafukan nan suke kafin zuwan katafila, da su ya kamata mu fara magana. A rubuta takarda ɗaya da Hausa da Turanci, shugabanni su sa hannu, a kai ofishin minista da hukumar FCDA, a karɓi kwafi mai hatimi a ajiye. In an yi wata uku shiru, a sake kai wata, a kuma kira 'yan jarida na gidajen rediyo su raka mu.

Ni dai na ɗauki nauyin rubuta ta Hausar. Wanda Turancinsa ya fi nawa ƙwari ya same ni bayan sallar Juma'a mu zauna.