Mai tafinta shi ke da yarjejeniya

Tagwayen hanyar da ta tashi daga Keffi ta ratsa Akwanga da Lafia zuwa Makurdi kamfanin China Harbour ne ya shimfiɗa ta da rancen bankin Exim na ƙasar Sin. Masana'antar tace ma'adinin litiyam da aka buɗe a jihar Nasarawa a watan Mayun 2024 ita ma ta Sinawa ce. Tambayar da ta dace ita ce: a lokacin da ake ƙulla irin waɗannan yarjejeniyoyi, jami'an gwamnatinmu nawa ne ke jin abin da ake faɗa a ɗaya gefen teburin? Wanda ya dogara da tafintan abokin cinikinsa, da kunnen aro yake ciniki.

Su Sinawa sun daɗe da gane haka. Tun 1963 gidan rediyonsu ke watsa shirye-shirye da Hausa, kuma a jami'ar harsunan waje ta Beijing ana koyar da ita.

Ma'aunin ƙwarewa a Sinanci shi ne jarrabawar HSK. A tsarinta mai matakai shida, mataki na 5 na buƙatar kalmomi 2,500, na 6 kuma 5,000. A mataki na 6 na wannan tsari ana ba ɗalibi labari mai haruffa kusan 1,000 ya karanta cikin minti 10, a karɓe takardar, sannan ya taƙaita shi cikin haruffa 400. Wannan shi ne ainihin aikin hadimin minista: ya fahimci dogon bayani, ya miƙa shi a taƙaice ba tare da ya ɓata ma'ana ba. A 2021 an ƙara matakai na 7 zuwa 9, waɗanda suka haɗa har da gwajin fassara.

Mai jin Hausa yana da fifiko, domin harshensa ma karin sauti ke bambance masa ma'ana, kamar yadda karin sauti huɗu ke yi a Sinanci. Wahalar tana ga haruffa, masu buƙatar bitar kullum ta shekaru. Kwas na mako biyu ba ya kai kowa ko'ina.

Sai dai cibiyoyin Confucius da aka sani suna Awka da Legas. Matashin Adogi da ke ƙaramar hukumar Lafia, wanda ke ganin ana haƙar arzikin jiharsa, tafiya ce mai nisa da tsada a gabansa. Abin da ya rage masa shi ne leburanci a ƙarƙashin wanda ba ya jin maganarsa.

Ya kamata Jami'ar Tarayya ta Lafia ta nemi zama cibiyar koyarwa da zana HSK. Ofishin shugaban ma'aikatan tarayya kuma ya ba da hutun karatu da albashi ga jami'an ma'aikatun ma'adinai, ayyuka, kuɗi da harkokin waje, ya sanya shaidar mataki na 5 ko 6 cikin abubuwan da ake dubawa wajen ƙarin girma. Bashin da ake sa wa hannu yau, 'ya'yanmu ne za su biya. Ya dace mu karanta shi da idonmu.