Makin Ƙasar Waje da Ƙofar Sashen Fiziks

Ɗalibin da ya gama sakandare a Maraɗi ko Damagaram, ya zo Sakkwato ko Kano neman gurbin karatun Fiziks, zai iya isowa riƙe da takardar Bakaloriya mai maki 11 ko 12 cikin 20. Wanda idonsa ya saba da sakamakon WAEC da NECO, abu mafi sauƙi gare shi shi ne ya ninka makin sau biyar, ya samu 55 ko 60 cikin ɗari, ya ce yaron matsakaici ne. Wannan lissafi zalunci ne, ko da ba a yi shi da mugun nufi ba. A tsarin da Nijar ta gada daga Faransa, da maki 10 ake cin jarrabawa, daga 12 ake fara samun yabo, wanda ya kai 16 kuwa sai labarinsa ya zaga gari. Malaman tsarin suna tsuke hannu wajen ba da maki, balle a ajin Seri C, inda lissafi da Fiziks suka fi kowane darasi nauyi. An auna hatsin da tiya ne, mu kuma muna ƙirga shi da mudu. Kuma kada a manta, tsarin nan ne ya fitar da Abdou Moumouni, masanin Fiziks da ya yi fice a binciken makamashin hasken rana, wanda jami'ar Yamai ke ɗauke da sunansa.

Akwai kuma 'ya'yanmu da suka tashi a Sudan ko Saudiyya, suka karanta kimiyya da Larabci. Waɗanda yaƙin da ya ɓarke a Sudan cikin Afrilun 2023 ya koro, karatunsu ya yanke a tsakiya, kuma makin da aka samu cikin gudun hijira ba ya faɗin iyakar basirar mai shi.

Ra'ayina shi ne, sashen Fiziks na kowace jami'a ya riƙa gwada irin waɗannan ɗalibai da kansa, a lissafi da Fiziks, kuma sakamakon gwajin ya fi makin takardar waje nauyi wajen yanke hukunci. Fiziks ya fi yawancin darussa dacewa da haka, domin amsarsa ba ta da ƙasa. Wanda ya iya warware lissafin motsi ko na wutar lantarki a Yamai zai warware shi a Zariya, kuma malami mai ƙwarewa zai gane hakan cikin awa biyu. Turanci kuwa a gwada shi daban, domin raunin harshe yana ɓoye ƙarfin lissafi, alhali shi ne ya fi saurin gyaruwa.

Za a ce Fiziks ba wasa ba ne, wanda aka ɗauka da rauni zai sha wahala ya fita ba digiri. Gaskiya ne, kuma wasu makin sun yi ƙasa ne don mai su bai iya ba. Ai shi ya sa ake buƙatar gwajin. Wanda ya nuna giɓi a aljabra, a tura shi karatun share fage, irin na makarantar Jami'ar Ahmadu Bello da ke Funtuwa, ko shirin IJMB da ke kai ɗalibi aji biyu kai tsaye. Shekara guda ta gyara ta fi rufe ƙofa gaba ɗaya.

Hujjar da ta fi ƙarfi ita ce ta takardun bogi. A ƙarshen 2023 wani ɗan jarida na Daily Nigerian ya nuna yadda ya samu digiri daga wata jami'a a Kwatano cikin mako shida, har gwamnatin tarayya ta dakatar da tantance digirin Benin da Togo a farkon 2024. Tsoron yana da tushe. Sai dai wannan hujja tana goyon bayan gwaji ne. Mai sayen takarda ba ya sayen maki 11, mai kyau yake saye, kuma shi ne zai kasa a gaban allo. Dogaro da takarda kaɗai shi ke ba maƙaryaci dama, ya kuma hana mai gaskiya.

Game da 'yan gida da suka sha fama da JAMB, babu wanda ya ce a ba ɗan waje gurbi kyauta. Ya zauna gwaji mai tsauri daidai da nasu, Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya ta ci gaba da tabbatar da sahihancin takardarsa. Abin da ya rage wa majalisun jami'o'i shi ne su rubuta wannan ƙa'ida, su buga ta a fili kafin lokacin ɗaukar ɗalibai, domin mai nema ya san abin da zai shirya wa tun yana gida.