Hawan Dutsen Ranar Asabar: Ya Kamata A Riƙa Yi Da Mu



Duk mai fita da sassafe ranar Asabar ta wajen Mpape, ko Katampe, ko Dawaki, ko Ushafa, ba zai rasa ganinsu ba. Ayari ne na mutane, kowa da takalmin kambas da gorar ruwa, sun jeru sun nufi gindin dutse. Ƙungiyoyin masu tattaki ke nan. Tun tsakiyar mako suke sanar da wurin haɗuwa ta WhatsApp, a taru kafin rana ta yi zafi, a hau, a huta a sama, a sauko kafin azahar. A cikinsu za ka ga Yarbawa, da Ibo, da mutanen Filato da Binuwai, har da Turawa. Namu kuwa sai ɗaiɗaiku.

Ra'ayina shi ne bai kamata mu ci gaba da zama 'yan kallo ba. Ƙungiyarmu ta kafa nata ayarin, ko da sau ɗaya ne a wata, bisa tsarin da ya dace da addininmu da al'adarmu. Ga dalilaina.

Na farko lafiya. Mu dubi yadda yinin mutumin namu yake a garin nan. Ɗan canji a Wuse Zone 4 yana kan benci daga safe har magariba. Mai shago a kasuwar Wuse ko Dei-Dei haka. Ma'aikaci yana kan kujera a ofis, idan ya tashi kuma ya sake zama a mota cikin cunkoson Nyanya da Mararraba. Tuwon da iyayenmu suka ci shi muke ci, har mun ƙara da lemon kwalba da shayi mai sukari. Bambancin shi ne su suna cinsa su tafi gona da ƙafa su yi huɗa, mu kuwa muna cinsa mu kishingiɗa da waya a hannu. Shi ya sa a zaman gaisuwa da na suna hirar ta koma ta hawan jini da ciwon suga, har a bakin waɗanda ba su kai shekara 50 ba.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce baligi yana buƙatar aƙalla minti 150 na motsa jiki matsakaici a kowane mako. Tafiya a kan tudu tana sa zuciya ta yi aiki, tsokar ƙafa ta ƙona sukarin da ke cikin jini, barci ma ya yi daɗi. Tattakin wata-wata shi kaɗai ba zai isa ba, amma yana da wani amfani da na fi ba muhimmanci: wanda ya hau dutse ya ji yadda numfashinsa ke sarƙewa a rabin hanya, shi da kansa zai fara zagaya unguwa bayan asuba don kada ya ji kunya a wata mai zuwa. Abin da mutum ba zai iya shi kaɗai ba, cikin jama'a sai ya iya.

Na biyu tarihi. Wasu na cewa hawan dutse ɗabi'ar 'yan boko ce da aka aro daga Turawa. To, ai Bahaushe da dutse tsohuwar zuma ce. Kano a gindin Dala ta tashi. Zariya ga Kufena, Zamfara ga Kwatarkwashi, babban birnin Jigawa ma sunansa Dutse. Ko a nan inda muke zaune muna da sawu. Lokacin jihadi Sarkin Zazzau Muhammadu Makau ya baro Zariya ya sauka Zuba, ɗan uwansa Abu Ja kuma ya kafa garin Abuja a 1828. Bayan gwamnatin Janar Murtala ta yanke shawarar gina sabon babban birni a 1976, sai sabon birnin ya karɓi sunan, tsohon garin ya koma Suleja, daga sunan Sarki Sulaimanu Barau. Dutsen Zuma da ke kan hanyar Kaduna, kusa da Madalla, shi ne a jikin takardar naira 100. 'Ya'yanmu nawa ne suke kashe wannan takarda kullum, suna wuce dutsen a mota duk hutun sallah, amma ba su taɓa tsayawa a gindinsa an ba su wannan labari ba? Gani ya kori ji.

Na uku maƙwabtaka. Waɗannan duwatsu suna da masu su. Gbagyi, waɗanda muka saba kira Gwari, su da sauran ƙabilun yankin suna nan tun kafin a aza tubalin farko na Abuja. Gonakin doyarsu da dawarsu ne a gindin tsaunukan, tukwanensu ne ake zuwa gani a Ushafa, kuma 'yar wannan ƙasa ce Ladi Kwali da hotonta ke jikin naira 20. Yawancinmu mun shekara goma, wasu ashirin, muna haya a ƙasarsu, amma huldarmu da su ba ta wuce cinikin itace da doya a bakin titi ba. Ayarin da ya fara kai gaisuwa fadar mai gari kafin ya hau dutse, ya ɗauki ɗan jagora daga ƙauyen ya biya shi haƙƙinsa, ya yi sayayya wurin matan garin, ya ƙulla zumuncin da taron zaman lafiya a otal ba zai ƙulla ba. Ranar da wata fitina ta taso, Allah Ya kiyaye, fuskar da aka sani ita ake saurara.

Akwai kuma abin da sai wanda ya hau sama yake ganinsa. Duwatsun suna ƙarewa. Kamfanonin fasa dutse na ci ta gefe guda, masu gina rukunin gidaje na ci ta ɗaya gefen. Mutanen Mpape ba su manta da motsin ƙasar watan Satumban 2018 ba, wanda ya sa gwamnati ta dakatar da fasa dutse a yankin na wani lokaci. Wurin da mutum bai taɓa takawa ba, ba zai ji zafin lalacewarsa ba.

Na san akwai masu ja da baya, kuma maganarsu abar saurare ce. Babbar damuwa ita ce tsaro. Babu wanda ya manta da sace-sacen mutane da aka yi a yankin Bwari a watan Janairun 2024. Wanda ya ce ba zai kai iyalinsa daji ba, ba matsoraci ba ne. Amma amsar wannan tsari ne. A zaɓi tsaunukan da ke cikin gari, waɗanda kana samansu kana hango rufin gidaje. A sanar da ofishin 'yan sanda mafi kusa da 'yan banga na ƙauyen. Kada a baza wuri da lokaci a fili, a tsaya ga waɗanda suka ba da suna. A ƙirga mutane a gindin dutse, a sake ƙirgawa a sama, a kuma ƙirga bayan saukowa. Idan mutanen gari suka ce yau kada a hau, to magana ta ƙare, a juya.

Damuwa ta biyu ita ce cakuɗuwar maza da mata, da irin shigar da ake gani a wasu ayarin, da kiɗan da ake ƙurewa tun daga ƙasa har sama. Wannan ma shi ne dalilin da ya sa na ce mu kafa namu. Maza su ɗauki Asabar ɗinsu, mata su ɗauki tasu tare da yara da 'yan rakiya daga cikin muharramansu. Hijabi da dogon wando ba sa hana hawan tudu. Iyayenmu mata da ƙannenmu su ne ma suka fi buƙatar wannan fita, domin da yawansu daga ɗaki sai kicin, sai gidan biki.

Sauran ƙa'idojin ba su da wuya. A tashi bayan sallar asuba. Lokaci mafi daɗi shi ne hunturu, daga Nuwamba zuwa Janairu. Da bazara a rage tsawon tafiya a ƙara ruwan sha. Da damina dutse santsi gare shi, ga ciyawa mai ɓoye maciji, idan kuma hadari ya haɗo a sauko nan take saboda tsawa. Ban da silifas. A dakata a watan azumi. Mai hawan jini ko ciwon zuciya ko ciwon gwiwa ya fara jin ta bakin likitansa. Mai ƙarfi ɗaya a gaba, wani a baya, kuma tafiyar ta bi saurin wanda ya fi kowa rauni, tunda sannu ba ta hana zuwa. Kada a ratsa shuka, kada a tsinki mangwaron wani, kada a ɗauki hoton kowa sai da izininsa. Ledar ruwa da roba duk wanda ya hau da su ya sauko da su.

Ina roƙon shugabanninmu su sa wannan batu a taron wata mai zuwa. Ba ya buƙatar kuɗi masu yawa. Mutum uku da za su je su duba hanya su gaida mai gari, da akwatin taimakon gaggawa, da rana guda da aka tsayar, sun isa a fara. Muna haɗa kuɗi idan ɗayanmu ya kwanta asibiti, kuma Allah Ya saka wa masu bayarwa. Ya dace mu haɗa ƙarfi a kan abin da zai rage mana zuwa asibitin, domin rigakafi ya fi magani.

Allah Ya ƙara mana lafiya, Ya tsare mu a hanya, Ya bar zumunci. Amin.