Wane dutse za a hau tsakanin Jega da Aliero?

Tun daga ranar 29 ga Mayu, 2023, da aka cire tallafin man fetur, keke ya dawo titunanmu. Litar da muke saye ƙasa da naira 200 ta haura naira 1,000 kafin ƙarshen 2024. Mashin ya zama abin da ba a tayarwa sai da dalili, kuɗin kabu-kabu ya fi ƙarfin mai albashin wata. Malamin firamare da ɗalibi da mai lambu duk sun koma neman dokin ƙarfe, kuma na yi murna da haka. Abin da ke damuna shi ne ra'ayin da ya biyo bayan dawowar: wai in dai har za ka hau keke, to ka hau mai giya, mai sifirin gaba da baya, mai taya kamar ta tarakta. Baƙin keken nan na iyayenmu kuwa an laƙaba masa suna keken tsofaffi. Daga Jega zuwa Aliero har Maiyama wannan magana ta zauna a zukatan matasa, ta shiga kan iyaye. Ni kuwa na ce kuskure ce, kuma kuskuren da ke cin kuɗin mutanen da ba su da kuɗin zubarwa.

A gidana abin ya fara. Da yarona ya shiga babbar sakandare, makarantar ta yi masa nisa, na ƙudura saya masa Phoenix mai kariya. Ya same ni da dare ya ce, "Baba, don Allah kada ka saya min irin wannan, dariya za a yi min a makaranta." Mahaifiyarsa ta goya masa baya, ni ma zuciyata ta karye, don ba uban da ke son a yi wa ɗansa dariya. Muka je wurin masu gwanjo muka ɗauko wani ja mai giya 21. Keken bai ga ƙarshen hunturun farko da lafiyarsa ba. Sarƙa ta fara tsalle, ƙarfen da ke sauya giya a baya ya lanƙwashe ya shige cikin wayoyin taya, yaron ya dawo gida yana tura shi. Mai gyaran da muka kai wa, dattijo ne da ya shekara da shekaru a gindin dogon yaro yana faci, ya juya keken ya dube shi ya ce, "Malam, kayan wannan ba mu da su a nan. In kana so ya yi tafiya, sai dai mu cire giyar mu rage sarƙa." Haka aka yi. Na biya kuɗin giya 21, yau yaron yana tuƙa giya ɗaya, a kan keke mai nauyi marar wurin ɗora ko jakar littattafai. Duk wanda ke shakka ya tsaya wurin masu gyara a Jega ya ƙirga kekunan da aka yi wa wannan aikin.

Mu tambayi kanmu, wa aka ƙera wa wannan keke tun asali? Sunansa a can inda ya fito keken hawan dutse. A shekarun 1970 wasu samari a gundumar Marin ta jihar Kalifoniya a Amurka suka riƙa ɗaukar tsofaffin kekuna masu kauri suna gangarowa da su daga tsaunukan yankin dutsen Tamalpais don nishaɗi. A 1976 suka fara gasar gangara. A 1977 wani daga cikinsu, Joe Breeze, ya ƙera keke musamman don wannan wasa, a 1981 kamfanin Specialized ya fito da samfurin Stumpjumper kasuwa, a 1996 kuma wasan ya shiga gasar Olamfik a Atlanta. Kowane sashe na keken amsa ce ga wata matsala ta dutse. Giya mai yawa don hawan tudu mai tsayi. Sifirin don dira a kan duwatsu da saiwoyin itace. Ƙusoshin taya don kama ƙasa mai santsi a gangare. Kariya babu, domin mai wasa ba ya ɗaukar kaya. A can ma, wanda ke zaune nesa da tsauni sai ya ɗora keken a mota ya yi tafiya kafin ya same shi da amfani, kuma da yawa daga cikinsu sun gaji sun jingine. Irin waɗannan da aka jingine, da kuma na arha waɗanda aka kwaikwayi siffarsu kawai, su ne ake loda mana a kwantena.

To mu ina dutsenmu? Hanyar da ta taso daga Sakkwato ta bi ta Tambuwal da Aliero ta shigo Jega kwalta ce a shimfiɗe. Wadda ta fita Jega ta nufi Maiyama da Koko da Yawuri haka take. Ta Birnin Kebbi ma haka. Abin da ke gefensu gonaki ne da fadama da 'yan tuddan marmara waɗanda tsoho mai shekara sittin ke hayewa da buhu a bayansa. Wanda ke son tsaunuka na gaske a jihar nan sai ya nufi ƙasar Zuru, tafiyar sa'o'i a mota, kuma ban san magidanci ɗaya a unguwarmu da zai biya kuɗin mota ya kai keke can don ya gangaro daga dutse ba. Muna sayen kayan aikin wata ƙasa muna ɗora wa tamu, sannan mu yi mamakin yadda ba su daɗe.

Abin da ke kashe keke a nan daban ne, kuma kowane mai gyara ya san shi: ƙura da rairayi da ƙaya. Giyar keken dutse a buɗe take, tana rataye kusa da ƙasa. In ka shafa mata mai, ƙurar hunturu ta manne, man da ƙurar su haɗu su zama kamar dutsen wasa wuƙa, su cinye haƙoran giyar da sarƙar a hankali. In ba ka shafa ba, ta bushe ta yi tsatsa da damina. Sarƙarsa siririya ce don ta iya sauka daga wannan haƙori zuwa wancan, saboda haka ba ta da juriyar ta baƙin keke. Wayar da ke jan giya kuwa rairayi ke shiga bututunta ya riƙe ta. Keken ya faɗi sau ɗaya ta ɓangaren dama a filin makaranta, ƙarfen sauya giyar ya karkace, shi ke nan. Baƙin keke sarƙarsa mai kauri ce, sau da yawa a rufe take cikin gidanta, birkinsa na sandar ƙarfe ne wanda maƙeri ma zai iya miƙewa.

Sifirin ɗin da yara ke alfahari da shi ya fi komai ba ni haushi. Na keke mai tsada yana da mai ko iska a ciki, ana saita shi daidai nauyin mahayi. Na waɗanda ke zuwa mana ƙarfe ne kawai a nannaɗe. A kan kwalta, duk lokacin da ka taka feda, wani kaso na ƙarfinka yana tafiya wajen lotsa keken ƙasa maimakon tura shi gaba. Ga ƙusoshin taya suna gurzar titi suna ja maka baya. Ɗalibin da ya taso daga Jega da safe zai je jami'ar kimiyya da fasaha ta jiha da aka kafa a Aliero a 2006 zai isa a jiƙe da gumi, alhali mai nono da ke kan tsohon keken Hero ya riga shi ba tare da ya yi haki ba. Bayan wata shida sifirin ya cika da ƙura ya daskare, ya bar maka nauyinsa kawai.

Sai maganar kaya, wadda ita ce zuciyar al'amarin. A ƙasar nan keke jaki ne kafin ya zama abin hawa. Aliero gari ne na albasa, sunansa ya kai kasuwannin kudu da ƙasashen maƙwabta saboda ita. Mai lambu yana bukatar abin da zai kai buhun taki mai kilo 50 fadama, ya ɗauko jarkar man injin ban ruwa, ya dawo da harawa ko ciyawar tumaki da yamma. Manomin shinkafa a bakin gulbin Zamfara haka, mai kai gero niƙa a ƙauyukan Maiyama haka. Keken da bayansa ke lilo a kan sifirin ba inda za a ɗaura masa kariya mai ƙarfi. Na ga waɗanda suka kai wa mai walda ya lanƙaya musu, buhu na farko ya tsage wurin. Iyayenmu da suka hau Raleigh, keken da har masana'antarsa aka yi a Kano, sun kai amarya da shi, sun kai marar lafiya asibiti da shi, sun bar wa 'ya'yansu gado yana tafiya. Ba rashin wayewa ya sa suka zaɓe shi ba. Sun san aikin da za su ba shi.

Wanda yake ganin wannan surutun tsoho ne, ga shaida daga bakin masu sana'ar kansu. A 2005 aka kafa ƙungiyar World Bicycle Relief, kuma cikin waɗanda suka kafa ta akwai F.K. Day, ɗaya daga cikin masu kamfanin SRAM, kamfanin da ke ƙera giyar kekunan dutse. Da suka tashi tsara keke don ƙauyukan Zambiya da Kenya da Zimbabuwe, ga ɗalibai da manoma da ma'aikatan lafiya, me suka fito da shi? Buffalo: baƙin ƙarfe mai kauri, giya ɗaya, babu sifirin, da kariya mai ɗaukar kilo 100, aka kuma horar da masu gyara a ƙauyukan. Mutanen da giya ce abincinsu sun duba hanyoyin karkarar Afirka suka ajiye giyar. Mu kuma da muke kan hanyoyin muna bin ta da kuɗin albasarmu.

Akwai gaskiya guda a ɓangaren masu keken dutse, ba zan ɓoye ta ba. Faffaɗar taya ta fi siririya a cikin rairayi. Wanda hanyarsa ta gona duk yashi ce ya san yadda tayar baƙin keke ke nutsewa har sai ya sauka ya tura. Idan irin wannan mutum ya samu tsohon keken dutse na ƙarfe, marar sifirin ko ɗaya, mai taya inci 26 wadda ake samun irinta a kasuwa, mai ramukan ɗaura kariya, to ya samu abin kirki, ya saya. Amma ku lura, wannan shi ne wanda yara ke tsallakewa a wurin masu gwanjo don ba ya sheƙi. Abin da ke da amfani a keken dutse, wato faɗin taya da ƙarfin jiki, ba shi ake saye ba. Fenti ake saye da sifirin da yawan lambobin da ke jikin hannu. Kallon kitse ake yi wa rogo.

Tushen abin dai kunya ce, kuma a nan ne laifin ya dawo kanmu manya. Mu muka koya wa yara cewa keke alamar talauci ce. Tun da mashin ya yi arha, duk wanda aka gani a kan keke sai a ce ya karye. Lokacin da Ojo Maduekwe yana ministan sufuri a zamanin Obasanjo ya yi kira a koma hawan keke, har ya hau da kansa a Abuja, dariya ƙasar nan ta yi masa. Yanzu da tsadar mai ta tilasta mana komawa, sai muke neman keken da zai ce wa jama'a, ni fa ba talauci ya sa na hau ba, sha'awa ce. Wannan ƙaryar muke biya wa kuɗi. Kuma ba mu tsaya mun lissafa abin da mashin ɗin da muke girmamawa ya jawo mana ba. A je gidajen masu ɗori na Aliero, waɗanda ake zuwa wurinsu daga nesa, a tambayi samarin da ke kwance me ya karya su.

Ina da kira ga masu hannu da shuni da 'yan siyasar da ke rabon kekuna ga ɗalibai ko malamai: kafin ku ba da kwangila, ku aika a tambayi masu gyara uku a garin da za a raba, wane keke ne suke da kayansa a akwati. Ɗaliban injiniya na Aliero kuma, ga aiki a ƙofar makarantarku: keke mai faffaɗar taya, mai sarƙa a rufe, mai ɗaukar buhun albasa, wanda mai walda na Jega zai iya haɗawa. Dillalai su ji tsoron Allah su daina ce wa uba mai neman abin hawan ɗansa wai giya 21 ta fi ɗaya sauri a kan hanyar da ba tudu.

Kai kuma uba ko yaya da ke shirin zuwa kasuwa, kafin ka fita ka taka hanyar da keken zai riƙa bi kullum, daga ƙofar gida zuwa makaranta ko lambu, ka ga ko kwalta ce ko burji ko yashi. Ka tuna abin da za a ɗora masa. Ka biya ta wurin mai gyaran unguwarku ka tafi da shi, ko da za ka biya shi ladan yininsa. In yaron ya ce za a yi masa dariya, ka zaunar da shi ka yi masa bayani, kada ka karaya kamar yadda na karaya. Keke na biyun da zan saya wa ƙanen yarona baƙi ne mai kariya, kuma na riga na gaya masa.