LIKITA MA ƊAN ADAM NE

Jama'a, a Turai watannin Yuli da Agusta lokacin hutu ne. Likitan da aiki ya gajiyar sai a ce ya je ya huta, ya yi wa kansa hisabi, ya komo da sabon ƙarfi. Madalla! To, namu fa? Watannin nan su ne tsakiyar damina, sauro ya yi yawa, asibiti maƙil da yara masu zazzaɓi, likita guda ya wuni ya kwana a tsaye. Wa zai karɓe shi?

A 2001 shugabannin Afirka suka taru a Abuja, suka yi alkawarin ba kiwon lafiya kashi 15 cikin ɗari na kasafi. Nijeriya ba ta cika ba. A 2023 kuwa aka kai ƙuduri Majalisar Wakilai, wai sai likita ya yi aikin shekara 5 a gida kafin a ba shi cikakken lasisi. Jaki ya gaji, an ƙara masa mangala! Su kuwa manya, ciwon kai ma sai Landan.

Talakawa da 'yan kasuwa, gajiyayyen likita a kan ɗanku zai yi kuskure. Duk mai neman ƙuri'arku ku tambaye shi: likita nawa kuka ɗauka? Mu dai mun ce a ƙara likitoci, a biya su, a ba su hutunsu.