Cinyar Uwa Ba Kujerar Mota Ba Ce

A 1964 wani likita ɗan ƙasar Suwidin, Bertil Aldman, ya lura da yadda ake kwantar da 'yan sama jannati rigingine cikin kumbo domin gadon bayansu ya shanye ƙarfin tashi. Sai ya ƙera kujerar yara mai kallon baya, aka gwada ta a motar Volvo.

Sirrin abin yana jikin yaron ne. Kan jariri ya kai wajen kashi ɗaya cikin huɗu na nauyinsa, ƙashin wuyansa kuwa bai gama ƙwari ba. Mota na yin karo, kan ya wuntsula gaba, ɗan wuyan nan ya ɗauki lodin da ya fi ƙarfinsa. In yana kallon baya, kujerar ce ke tallabe kai da wuya da baya lokaci guda. Shekara da shekaru injiniyoyi na gwara motoci da bango, da mutum-mutumin yara a ciki, an saka musu na'urar awo a wuya da ƙirji. Daga irin wannan aiki aka samu ƙa'ida ta 129 ta Majalisar Ɗinkin Duniya a 2013, wadda ta ce jariri ya zauna yana kallon baya har ya cika wata 15. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kujerar na rage mutuwar jarirai a hatsari da kashi 71 cikin ɗari.

Mu kuwa fa? Uwa a gidan gaba, jariri a cinya, ana ta "Allah Ya kiyaye hanya". Amin. Sai dai a karon mota mai gudun kilomita 50, yaro mai kilo 10 fizgewa yake yi da ƙarfin ɗaruruwan kilo. Babu hannun da zai riƙe shi, ga jakar iska na jiran sa.

Kujerar da tsada, mun sani. Shi ya sa muke kira ga gwamnati ta cire mata kuɗin fito, Hukumar Kiyaye Haɗurra kuma ta kai wa'azinta ɗakunan awon ciki, kada ta tsaya a bakin titi kawai.

Akwai kuma aikin da ba wanda zai yi mana. Da yawa daga cikin 'ya'yanmu a bas da adaidaita sahu suke zuwa makaranta, a Suwidin kuwa ba a hawa adaidaita. Tsangayoyin injiniya da na likitanci a Jami'ar Ahmadu Bello da ta Bayero su haɗa kai, su fara da auna abin da ke samun yaron da ke zaune a gefe idan keken ya kife.