Zango Masauki Ne: Nasiha ga Almajirin da Aiki Ya Kai Ikko

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Bayan haka:

Ya ku malamai da almajirai, ku sani babu shekarar da za ta wuce face samari sun tashi daga Kano da Zariya da Sakkwato sun nufi Ikko, watau Legas, domin aikin fari da suka samu, wani a ofis, wani a asibiti, wani a kamfani. Tafiya ce ta kusan kilomita 1,000, kuma yaro yana sauka sai ya tambayi inda Hausawa suke, a nuna masa Agege ko Idi Araba ko Obalende. Wannan daidai ne, zama baƙo makaho ne ko da yana da ido. Abin da muke ƙi shi ne ya shiga zango ya rufe ƙofa, ya shekara biyar bai san sunan maƙwabcinsa Bayarabe ba. Ma'anar zango a bakin fatake wurin da ayari ke yada kaya ya huta, kana ya ci gaba.

Ba mu raina zango ba, domin mun san abin da ya yi wa iyayenmu. Bayan da hanyar jirgin ƙasa ta iso Kano a 1911, fatauci ya yawaita tsakanin Arewa da Kurmi, shanu suna gangarawa, goro yana haurowa. A 1916 aka keɓe wa Hausawa unguwar Sabo a Badun. A can maigida shi ke saukar da falke, ya ciyar da shi, ya ajiye masa kuɗi, ya haɗa shi da dillali, ya tsaya masa lamuni in an sayi shanunsa bashi. To, ku lura da abin da ya ba maigidan nan ƙarfi: ya ji Yarbanci, ya san mahautan gari ɗaya ɗaya, ya san wanda ke biya da wanda ke gudu. Da ɗan gari akan ci gari. Falke yakan sayar ya koma gida cikin 'yan makonni, saboda haka idon maigida ya ishe shi. Ma'aikaci kuwa zama ya zo yi, lalle ne ya yi nasa idon.

Abu na farko da zai nema shi ne harshe. Gaisuwar Yarabawa kamar tamu ce, kowane hali da tasa. Da safe su ce "e kaaro", ga mai aiki su ce "e ku ishe", watau sannu da aiki, in an yi musu alheri su ce "e she". Wannan "e" ɗin lafazin jam'i ne da suke girmama babba da shi, kamar yadda muke ce wa dattijo "kun kwana lafiya". A bakinsu zai ji "alafiya" da "alubosa" da "wahala", ya gane cudanyarmu da su ba ta yau ba ce. Almajirin da ya haddace Ajurumiyya ba zai kasa riƙe kalma biyar kowace rana ba.

Na biyu, dokar gari da lissafinsa. Albashi wata wata yake zuwa, kuɗin haya kuwa na shekara ake nema a dunƙule, a ƙara da na dillali da na rubuta yarjejeniya. A 2011 Jihar Legas ta yi dokar da ta hana karɓar fiye da hayar shekara ɗaya daga hannun sabon ɗan haya, ban da wasu unguwanni kamar Ikoyi da Apapa. Wanda bai san wannan ba sai a tatse shi, ya yi godiya. A watan Yuni 2022 an hana acaɓa a ƙananan hukumomi 6, cikinsu har da Ikeja da Surulere, kuma rashin sani ba ya fid da mutum daga hannun 'yan sanda. Kada ya biya kuɗin ɗaki sai ya ga mai gidan da idonsa, ya karɓi rasit. Kada kuma ya kama ɗaki don araha alhali tsakaninsa da wurin aiki tafiyar sa'a biyu ce cikin cunkoso, domin abin da ya tsira da shi a haya zai zube a kuɗin mota.

Na uku, maƙwabci. Wasu yaranmu sukan sauka Ikko da zaton babu mai ilmin addini sai su. Su sani an buɗe masallacin Shitta a Ikko tun 1894, kuma a 1923 Yarabawa Musulmi suka kafa jam'iyyar Ansaruddin, suka gina makarantun da ke haɗa karatun addini da na zamani. Ya yi salla a bayan limaminsu, ya je sunansu da jana'izarsu. Maƙwabcinsa Kirista kuwa yana da haƙƙin gaisuwa da dubiya da taimako, ba a tauye shi.

In wani ya ce: ai cudanya ita ke ɓata yaro, ya bar tarbiyyar gida, gara ya tsaya cikin 'yan'uwansa. Sai mu ce: abin da ke ɓata yaro shi ne mugun aboki, kuma ana samunsa cikin zango kamar yadda ake samunsa wajensa. Sa'an nan ku dubi abin da ya auku a kasuwar Mile 12 ta Ikko a 2016, da kasuwar Shasha ta Badun a 2021, inda 'yar gardama ta zama faɗan ƙabila, aka rasa rayuka, aka ƙona dukiya. A irin wannan rana, wanda ke da maƙwabci ɗan gari da ya san sunansa yana da ƙofar da zai ƙwanƙwasa. Wanda ba a san shi ba sai da "aboki" a bakin titi, wa zai tsaya masa?

Saboda haka muna roƙon malamai, in almajiri ya zo sallama, kada a tsaya ga addu'a kaɗai. A rubuta masa takarda zuwa ga wani amintacce a can wanda zai sauke shi wata biyu ko uku. A yi masa sharaɗi cewa kafin ya zo hutun farko ya iya gaisuwa da ciniki da harshen mutanen garin, ya kuma san gidan mutum uku daga cikinsu. In ya zo, a tambaye shi kamar yadda ake tambayar hadda.

Ku kuma almajirai, albashin fari ba na sabuwar waya da tsadadden yadi ba ne. Ku fid da na iyaye, ku ajiye na hayar baɗi tun daga watan farko, ku riƙe kuɗin motar komawa gida a gefe, kada ku taɓa shi. Kewar gida za ta zo, musamman da azumi da Salla, wannan ba abin kunya ba ne. Ku je zango ku ci tuwo ku yi hira, kana ku fito ku gai da mutanen unguwa.

Allah Ya kai matafiya lafiya, Ya sa albarka cikin abin da suka je nema. Haza wassalam.